Neman shawara: mu ba masu bincike ƙwayayenmu uku da suka rage, ko kuwa?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. A Ingila muke zaune. Na daɗe da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Rubutu da sassaƙe babu wanda ban sha ba, gori kuwa har ƙanwar maigida ta taɓa cewa a gaban baƙi wai ba ni da aiki sai ci da cika masai, kuma uwarsu na zaune ba ta ce mata kanzil ba. Daga baya muka yi dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a asibiti sannan a dasa a mahaifa, Allah ya ba mu tagwaye. Haihuwar ta zo da jijjiga, aka yi mini tiyata, likita ya ce kada in sake ɗaukar ciki. To saura ƙwai uku da aka riga aka haɗa, suna daskare a asibiti. Yanzu sun aiko da fom: ko mu ci gaba da biyan kuɗin ajiya, ko a zubar, ko a ba wasu ma'aurata, ko mu bayar a yi bincike. Ba wa wasu dai na san babu shi saboda nasaba. Zuciyata ta fi karkata ga binciken, don ciwon suga ne ya sa aka yanke wa mahaifiyata ƙafa, kuma na ji ana gwada irin waɗannan ƙwayoyin a kansa. Amma in na dubi yaran nan na tuna tare aka haɗa su da ukun can, sai barci ya ƙaurace mini.

Abu Sumayya: Baiwar Allah, kada ki sa hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1990, ta ce a haɗa daidai adadin da za a dasa, in an samu ragowa a ƙyale shi ba tare da kulawa ba har ya mutu da kansa. Mu Malikawa ma da zarar maniyyi ya zauna a mahaifa ba a taɓa shi, ko kwana 40 bai cika ba. Asalin ɗan Adam ba kayan gwaji ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, nata ai bai shiga mahaifa ba. 'Yar uwa, ƙwai ne na kamar kwana 5, bai kai ɗigon biro ba. Ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda ake kira sitem sel, na iya rikiɗewa su zama jini ko jijiya ko masu samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Gaskiya ne in an ciro su ƙwan ya lalace. Dokar Ingila ta hana a rene shi ya wuce kwana 14, hukumar kula da dashen ƙwai ta ƙasar, wato HFEA, ce ke sa ido. Kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka ta halatta a 2003 a yi amfani da ragowar ƙwan dashe in iyaye sun yarda. Hadisin busa rai ma kwana 120 ya nuna.

Hajiya Babba: Ni dai in na ji an ce sitem sel raina ɓaci yake. Jikana na da sikila, wata ta zo har falona da 'yan fakiti ta ce sitem sel ne na tsotsa a ƙarƙashin harshe. Na sayar da ɗan kunnena na gwal, wata bai zagayo ba muka koma asibiti ƙarin jini. Yanzu ko wayata ba ta ɗauka. Allah ya isa.

Ma'aikaciyar Jinya: Sannu Hajiya, wannan damfara ce. Na sikila dashen ɓargo ake yi, daga jikin ɗan uwa mai rai, bai shafi ƙwai ba.

Abu Sumayya: Ina lalurar take? Tun 2007 masani Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fatar mutum ta koma irin sitem sel na cikin ƙwai, har ya samu kyautar Nobel a 2012. Tunda ga hanyar da ba a lalata komai, me ya kai mu ga shubuha? Waɗanda ba Musulmi ba ma sun ƙyamaci abin. Cocin Katolika ya hana, Jamus ta hana tun 1990, shugaban Amurka Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a kai a 2001. Su su ji tsoro, mu mu miƙa da hannunmu?

Ɗalibi a Malesiya: Obama kuma ya janye taƙaitawar a 2009, malam. Sannan da masani James Thomson na Amurka bai fara renon sitem sel daga ƙwan ɗan Adam ba a 1998, da me za a gwada na Yamanaka a san ya yi daidai? Har gobe da su ake aunawa.

Abu Sumayya: Amfani ba ya halatta abu. Yau ragowa ce, gobe haɗawa za a riƙa yi takanas don a yanka.

Maman Tagwaye: Malam, ba ni na zaɓi a haɗa da yawa ba, haka tsarin yake, kuma wanda bai ɗanɗana rashin haihuwa ba bai san halin da nake ciki a lokacin ba. In na bar su suka narke, mutuwar ce dai. Me ya sa wadda ba ta amfani kowa ta fi?

Abu Sumayya: Saboda barin abu ya mutu daban, kashe shi daban.

'Yar Zariya: Ki ci gaba da biyan ajiyar kawai, na ji yanzu har shekara 55 doka ta yarda a can. Ni da nake neman ko ɗaya ne, kuɗin dashen ma sun gagare ni, miji ya ƙaro aure. Wai ma me maigidanki ya ce? Ai sai da sa hannunsa.

Maman Tagwaye: Allah ya ba ki masu albarka, 'yar uwa. Ajiya ture matsalar ce zuwa gaba, yarana zan bar wa ita? Maganar maigida kuma doguwa ce, danginsa ba su ma san dashe muka yi ba. Akwai wanda ya san malamin da ya karanci fatawar Makkan sosai? Ƙarshen wata za a mayar da fom ɗin.