Wawan Sarki a Bakin Ganuwa

Ɗan Birni:
Jiya a Zango na zauna darar Turawa da wani tsoho, eshek ɗin nan. Ɗan dara da Faransawa ke kira fou, ni wawan sarki nake ce masa, darajarsa maki uku. Gidajen allon kuwa da harafi da lamba ake kiran su, kamar h7. Ga kukana:

Na ajiye wawa a h7, na ba da shi kyauta,
Tsoho ya sa sarki ya cinye, ko godiya bai furta.
Doki ya hau g5, na ce yau za a fafata,
Sarauniya ta sauka h5 da ƙasaitarta,
Sai ga dokinsa a f6, ya tare hanyarta.
Maki uku sun tafi, an bar ni da kunyata.

Baba na Zango:
Ɗana, tsohon nan ni ne, kira ni da suna.
Dabarar ba ta da laifi, gaggawa ta yi ɓarna.
Da sojanka na kan e5, ya kafe ya zauna,
Ta ina dokina zai taka f6 ya tsare gidana?
Tanimu, Sarkin Damagaram, da ya ja ganuwa ya kewaye garina,
Ya ƙera igwa ya girke, bai ce bango ya isa ba, ɗana.
Ƙirga masu tsaron ƙofa kafin ka taɓa bangona.

'Yar Sabon Gari:
Baba, gafara dai, 'yarka na da magana ɗaya.
A Landan, 1851, gwanin dara Anderssen bai ja da baya,
Ya ba da wawa, ya bi shi da hasumiya,
Ya ƙara ta biyun, ya cike da sarauniya.
Doki biyu da wawa guda suka ƙarasa tafiya,
A taku na 23 sarkin abokin wasansa Kieseritzky ya rasa hanya.
Shi ma gaggawa ce, Baba? A faɗa mana gaskiya.

Baba na Zango:
'Yata, je ki jera allon ki sake dubawa.
Sarauniyar Kieseritzky kwaɗayi ya ja ta kusurwa,
Tana a1 tana cin ganima, gida na ƙonewa.
Hasumiyoyinsa biyu na kwance, ba motsawa.
Soja uku kacal ya rasa, amma sarki ba mai karewa.
Ni ko dokina na d7, idonsa biyu, yana jiran wawa.

Mai Shayin Kasuwar Dole:
Ku bar ni in zuba na biyu, mai zaƙi-zaƙi.
Gwani Tal na birnin Riga ya sha jefa doki cikin yaƙi,
Lissafi bai cika ba, amma abokin wasa ya rasa baki.
1960 ya kwaɓe wa Botvinnik rawanin darar duniya, ya zama sarki,
1961 Botvinnik ya shirya, ya karɓe abinsa a sauƙi.
(Ɗan Birni, jaka ɗaya na shayin jiya na nan, ban yafe ba.)

Ɗan Birni:
Baba, na ji, na ɗauka, na rusuna,
Amma Tal ne gwanina, ba na sauya ra'ayina.
Juma'a bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a rana,
Sojana zai kwana a e5, sai ka nemo wa doki wurin kwana.

Baba na Zango:
A inuwa dai, ɗana, ni ba na zama a rana. Ka zo da allonka, nawa jikoki sun ɓatar da soja guda, murfin kwalba muke sa wa a gurbinsa.