Sharhin masu saye a intanet: wanne zan ɗauka, wanne zan watsar, kafin in sayi keken ɗinkin bargo?

Ummu_Zare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman keken ɗinki na gida wanda zan riƙa haɗa bargon kwilt da shi, wato mai hawa uku: yadin sama na ƙyallaye da aka harhaɗa, audugar tsakiya, sai yadin baya. Na ware kekuna biyu. Ɗaya taurarinsa sun kusa cika biyar kuma masu sharhi dubbai ne, ɗayan bai kai shi taurari ba, masu sharhin ma kaɗan ne. Abin da ya ɗaure min kai, a keke ɗaya wata ta ce kamar ruwa yake ɗinki, wata kuma ta ce zare sai cukurkuɗewa yake a ƙasa. Wa zan gaskata?

TsohonTela:
Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye lissafin taurari gefe tukuna. Yawancin masu ba keke taurari biyar kalmasa da gyaran riga suke yi da shi, kuma a makon da suka buɗe kwali suka rubuta. Yabonsu gaskiya ne, amma ba aikinki suka gwada ba. Ki shiga wurin bincike na cikin sharhin ki nemo waɗanda suka ambaci kwilt ko auduga, su kaɗai za ki karanta da natsuwa.

A cikinsu ki duba ko mai sharhin ta faɗi girman bargon. Na jariri kowane keke zai iya da shi. Rigimar tana farawa ne a bargon babban gado, domin dole a naɗe rabinsa a tura shi ta sararin da ke tsakanin allura da jikin keke. A kekunan gida na yau da kullum sararin nan inci 6 zuwa 7 ne, waɗanda aka ƙera don kwilt kuwa suna kai inci 9 zuwa 11. Bambancin ko da na inci biyu ne ba ƙaramin abu ba ne idan naɗin bargo ya cika ramin, hannu ya rasa inda zai shiga.

Sai haƙoran da ke jan yadi ta ƙasa. Idan kina son zanen ɗinki mai lanƙwasa wanda hannu ke juya bargon, dole haƙoran su sauka. Wasu kekuna ba sa saukewa, faranti kawai ake rufe su da shi, kuma a sharhi ne za ki ji ko farantin yana zamewa. Haka ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a wajen allura, akwai mai haƙora da ke jan yadin sama daidai da na ƙasa: ki tabbatar tana cikin kwali ko sai an saya daban. In babu ita, hawa ukun ba sa tafiya tare, sai ki ga baya ya tattare.

Adadin salon ɗinki kuwa, ɗari biyu ko ɗari uku da ake tallatawa, kada ya ruɗe ki. Kusan duk aikin bargo miƙaƙƙen ɗinki ne. Keken Juki TL-2010Q ɗinki ɗaya tak yake yi, miƙaƙƙe, yana kai sukar allura 1,500 a minti, kuma masu kwilt suna rububinsa.

Hajiya_Allura:
Malam ya gama magana kan yabo, bari in taɓa ƙorafi, don a nan ake zaluntar kekuna masu kyau.

Zare ya dunƙule a ƙasan yadi: mafi yawan lokaci laifin zaren sama ne, ba bobin ba, wato ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai. An zura shi ƙafar keke tana sauke, faifan da ke matse zare suna rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba. Duk sharhin da ya tsaya a "yana cukurkuɗa zare" ba tare da bayanin abin da aka gwada ba, ban ɗauke shi hujja ba.

Tsallaken ɗinki ma haka. Allura ta dakushe, ko an sa ƙarama a aiki mai kauri. Allura mai lamba 80/12 ta isa haɗa ƙyallaye, amma in an zo ratsa hawa uku a koma 90/14. Ƙarar da ke tasowa bayan 'yan makonni kuwa, sau da yawa burbushin auduga ne ya taru a gidan bobin, goge shi da ɗan buroshi kawai ake yi.

Ƙorafin da ya kamata ki ji tsoro shi ne wanda mutane daban-daban suka maimaita bayan wata shida ko shekara: injin yana zafi yana tsayawa a mahaɗar ƙyallaye, keken yana rawa a kan tebur idan an ƙara gudu saboda rashin nauyi, ɗaurin zare yana sauyawa da kansa a tsakiyar aiki, ko kayan gyara ba sa samuwa. Irin wannan a masu taurari uku aka fi samunsa, domin su ba fushi ya sa su rubutu ba, ba kuma ɗoki ba.

Ummu_Zare:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. To na ƙarya fa, ta ina ake gane su?

Ɗan_Bobin:
Yaya, ki jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, kada ki bar shafin ya zaɓar miki. Idan kika ga yabo ya zubo da yawa cikin kwana biyu ko uku, kalmomi kusan iri ɗaya, babu sunan ƙafa ko allura ko yadi, to da walakin. Wasu kuma kyauta aka ba su keken don su yi sharhi, a wasu shafuka ana rubuta hakan a jikin sharhin. Matsalar ta yi yawan da a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da sharhin bogi.

Wani tarkon: wasu shafuka sukan haɗe sharhin samfura daban-daban a wuri ɗaya. Ki duba lambar samfurin a kan kowane sharhi, kar ki karanta yabon wani keke ki sayi ƙaninsa. Ki kuma duba wutar da yake ci, akwai na volt 110 zuwa 120, akwai na volt 220 zuwa 240.

Hajiya_Allura:
Ƙari ɗaya 'yar'uwa. Duk abin da yake na awo ne, kamar faɗin sarari ko saukar haƙora, kada ki dogara da sharhi, ki sauke littafin keken daga shafin kamfanin ki gani da idonki. In kuma za ki samu gwada shi, ki tafi da ɗan guntun bargo inci 12 mai hawa uku. Ki sa tsawon ɗinki a milimita 3, ki ratsa ta kan mahaɗa mai kauri a hankali, sannan ki juya baya ki duba ko zaren sama ya leƙo. Daga nan ki haɗa ƙyallaye biyu da bakin ɗinki rubu'in inci, ki auna da ma'auni a farko da ƙarshen layin.