Shawarwarin da aka bayar kan gwajin halayyar matasa

Jama'a ga abin da na tsinta a tattaunawar da aka yi kan kai yara da matasa wajen masanin halayyar ɗan'adam. Abin da kowa ya nanata shi ne gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Akwai takardar tambayoyi kan halayyar yaro da ake kira SDQ, tambaya 25 ce kacal, Robert Goodman ne ya fitar da ita a 1997, iyaye su cika tasu malami ya cika tasa, yaron ma in ya kai shekara 11 ya cika da kansa, saboda wani yaron a gida lafiya lau yake amma a aji ko zaman minti biyar ba ya iyawa. Shi ya sa ADHD ma, wato matsalar rashin mayar da hankali da kasa zama wuri ɗaya, ba a tabbatar da ita sai alamun sun bayyana a wuri biyu aƙalla, sun kai wata shida, kuma sun faro kafin shekara 12.

Wata uwa ta roƙi a daina ce wa yaro "za mu kai ka a duba kanka", wallahi ina bayanta, kalmar nan tana karya zuciya. A gaya masa gaskiyar dalilin zuwan, kuma a ba shi lokaci shi kaɗai da masanin, akwai maganar da ba zai taɓa faɗa a gaban babansa ba.

Gwajin kyauta na intanet kam kar a dogara da shi. Kuma kafin a ce halinsa ne ya lalace a duba barcinsa, idonsa da kunnensa, a tambaya ko ana cin zalinsa a makaranta.