Mota mai buɗaɗɗen rufi da ranar Zariya

Baban Walid: Salamu alaikum jama'a. Na karɓo motar Peugeot 307 CC ɗin nan da na ba ku labari, mai naɗe rufi. Ranar Juma'a na buɗe ta tun daga Kwangila har Kaduna, na dawo goshina da bayan wuyana sai raɗaɗi, yanzu har saɓa suke yi. Wane mai ake shafawa, kuma ina zan samu na gaske?

Ɗan Samaru: Allah ya sanya alheri Alhaji, Allah ya tsare. Amma a Afrilu? Da tsakar rana? Ka ji tausayin kanka mana.

Baban Walid: Wallahi ban ji zafi ba sam, iska ce kawai ke kaɗawa.

Kawu Direba: Man kaɗanya, shi kenan. Mu da muka tsufa a hanyar Zariya zuwa Kano, hannu a waje, me ya same mu? Kansar fata ciwon Turawa ne.

Anti Nas: Kawu, jera hannun hagunka da na dama ka turo mana hoto.

Kawu Direba: Ke dai 'yar nan ba ki da ta ido.

Anti Nas: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Alhaji, iskar nan ita ta yaudare ka. Tana sanyaya jiki, amma hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani mai ƙona fata, yana nan yana aikinsa. Ka nemi man kariya daga rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariya) 30 ko sama, wanda aka rubuta UVA da UVB, wato nau'o'in hasken UV biyu, a jikinsa. Ka shafa kafin ka fita, har kunnuwa da bayan wuya da bayan hannu, ka ƙara duk bayan awa 2. Man kaɗanya zai lafa maka raɗaɗin, amma ba zai tare rana ba, balle basilin. Mafi sauƙi kuma, daga 10 na safe zuwa 4 na yamma ka bar rufin a rufe. Gaskiya ne baƙar fata ta fi juriya, amma tana kamuwa, kuma mu a makare muke zuwa asibiti.

Maman Hanifa: Kawu don Allah ka daina cewa na Turawa ne, raina yana ɓaci. Ƙanina zabiya ne, wasunku sun san shi. Da ya gama sakandare babu abin yi, sai ya karɓi mashin yana acaɓa tsakanin PZ da Tudun Wada, daga shi sai 'yar hular hana-salla, kunnuwa a waje. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunne, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Wani mai kemis ya ce gyambo ne, ya riƙa ɗura masa kafso yana shafa masa shuɗin maganin nan. Daga nan Inna ta ce sammu ne, aka koma jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Kowa da abin da yake faɗa, kuɗi na tafiya, ciwo na faɗi, har filonsa sai an jiƙa kafin a ɓamɓare shi da safe. Sai da wata maƙwabciya ta matsa muka kai shi asibitin Shika, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce kansa ce. An yi aiki, an cire kusan rabin kunnen. Likitan bai yi mana faɗa ba, cewa kawai ya yi da tun yana ɗan ƙurji aka zo, da aikin bai kai haka ba. Yanzu ya bar mashin, yana tsaron shago a Sabon Gari, kullum da dogon hannu da malafa. Duk ciwon da ya yi wata bai warke ba, a kai wa likitan fata, a bar kemis.

Baban Walid: Subhanallah. Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya.

Ɗan Samaru: Amin. Ai Bob Marley ma kansar fata ce ta kashe shi a 1981, yana da shekara 36, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara.

Anti Nas: Haka ne, sai dai irin tasa ba a ɗora ta a kan rana. Tana zuwa mana mu baƙaƙe: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Baƙin tabo da ke girma ko canza kama, ko tsohon tabon ƙuna da ya sake buɗewa, ba abin jira ba ne.

Injiniya: Masu rufaffun motoci ma kar su yi dariya. Gilashin gaba mai ninki biyu ne, yana tare kusan duka. Na gefe kuwa a yawancin motoci UVA na ratsa shi. Shi ya sa hagun direba ya fi baƙi, tunda tun 1972 muka koma bin hannun dama na titi, direba yana zaune a hagu.

Kawu Direba: To mu sa baƙin gilashi 'yan sanda su tare mu a kowane shinge?

Injiniya: Akwai leda mai tare UV wadda ba ta da duhu. Ka tambayi masu manna tinted.

Ɗan Samaru: Ni masu bilicin nake jiye wa. Sun kankare kariyar da Allah ya ba su, ga su a bayan mashin da azahar.

Maman Hanifa: Kullum sai ka sako mata. Maza nawa ke shafawa a Samarun taku?

Ɗan Samaru: Ni na ce mata? Duba sama Hajiya.

Admin: Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji.

Baban Walid: Har yanzu dai ba a faɗa mini inda zan saya ba. Kuma malafa iska za ta ɗauke ta kafin in kai Ɗan Magaji.

Anti Nas: Babban famasi, ba tire a kasuwa ba. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kar ka bar shi a cikin mota yana dahuwa.

Kawu Direba: Sa wa malafar igiya irin ta Fulani.

Ɗan Samaru: Alhaji, ranar Asabar ɗin sama akwai ɗaukar amaryar abokina a Gyallesu. Bayan isha'i ne, babu rana. Za a samu aro?

Baban Walid: Rufin ya maƙale tun jiya, tana wajen bakanike.