Iskar bazara a Tawa: wa ta taɓa?

Tela a bakin kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40 kamar yadda ya saba, ga iska mai ƙura tun da hantsi. Wanda ta taɓa yi wa ɓarna ya ba mu labari, mu ɗauki darasi.

Ɗan kabu-kabu: Wa alaikumus salam maigida. Ni zafin bai taɓa kayar da ni ba, iskar ce. A kan moto tana busar da gumi tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka lafiya lau kake. Bara na kai fasinja Badagishiri da azahar, a hanyar komowa idona ya yi duhu, hannuna ya ƙi riƙe kan moto. Wani tsoho mai rago ya kwantar da ni gindin bedi, ya jiƙa mini rawani, ya ba ni ruwa kurɓi-kurɓi, ya hana ni kwankwaɗa. Tun ranar ba na fita sai da ruwan leda huɗu a jaka, kuma daga ƙarfe 1 zuwa la'asar ko jaka biyu za a ba ni ina inuwa.

Inna mai hura: Allah ya kiyaye gaba, ɗana. Mu wuta ce tsoronmu. Maƙwabciyata ta sauke tukunya, ta bar garwashi a murhu ta shiga salla. Guguwa ɗaya ta ratso gidan, ta watsa shi cikin zana. Kafin a kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, danga da rumbun hatsi sun tafi. Rai dai bai salwanta ba, alhamdu lillahi. Yanzu ko shayi aka dafa, da ruwa nake kashe wutar, toka ba ta isa.

Manomin albasa, Galmi: Gaskiyarki Inna. Mu muna cikin girbi, ba damar zama. Da asuba muke shiga, hantsi ya yi mu fito.

Malamar lakkwal: Baba, ku riƙa rufe hanci ma. Lokacin ƙura da zafi shi ne lokacin sanƙarau a ƙasarmu. Yaro in ya yi zazzaɓi mai ƙarfi, wuya ya sage, ga amai, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi likita. Wata ɗalibata da haka ta tsira, uwarta ba ta jira gari ya waye ba.

Tela a bakin kasuwa: Madalla. Nawa ƙarami ne: iska ta yaye mini kwanon rumfa, ya faɗa kan teburin mai tsire. Na biya nama, na sayi ƙusa.

Ɗan kabu-kabu: Maigida, naman fa, wa ya ci?