Shari'a da kamfanin da ya gina unguwar 'yan ritaya: ina kuke samun sahihin labari?

Mai tambaya, daga Ocala: Assalamu alaikum. Surukina yana zaune a wata unguwar masu shekara 55 zuwa sama a nan Florida. Mazauna sun maka kamfanin da ya gina unguwar a kotu kan kuɗin da suke biya duk wata na kula da wuraren ninƙaya da ɗakunan taro. Baba ba ya jin Turancin lauyoyi, kuma kowane maƙwabci da irin labarin da yake kawo masa. Hankalinsa ya tashi, har barci ya gagare shi. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ya kuka yi?

Hajiya mai jinyar tsofaffi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ka tambayi wanda ya mallaki jaridar da ake jefa wa Baba a ƙofa. A gidajen da nake aiki na ga tsofaffi da yawa ba su da wata kafar labari sai ita, alhali sau da yawa ta kamfanin ce. Ko a The Villages, babbar unguwar 'yan ritaya a nan Florida wadda ta shafi yankunan Sumter da Lake da Marion, jaridar Daily Sun ta iyalan da suka gina garin ce. Shi ya sa ƙungiyar masu gidaje ta POA take fitar da tata takardar duk wata. Ƙarar haɗin gwiwa da mazauna can suka shigar ta ƙare da sulhu a 2008, kamfanin ya amince da biyan kusan dala miliyan 40, aka kuma kafa kwamitin da mazauna ke da bakin magana kan kuɗin wuraren shaƙatawa. Ku nemi ƙungiyar da ba kamfanin ne ya kafa ta ba.

Alhaji, ɗan ritaya: Ni a cikin irin wannan unguwa nake, kuma tamu shari'ar tana gaban alƙali. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne lambar ƙara. Da ita nake shiga shafin akawun kotun yankinmu in ga duk takardar da aka shigar da ranar zama na gaba, ba sai na jira wani ya ba ni labari ba. Idan a kotun tarayya take, sai PACER, wato shafin intanet na takardun kotunan tarayya, suna cajin santi 10 kowane shafi. Kuma ka gaya wa Baba kada ya jefar da wasiƙar da ta zo da sunan kotu. Tana kama da takardun talla, amma a cikinta ake rubuta ranar ƙarshe ta ficewa daga ƙarar haɗin gwiwa ko nuna rashin amincewa da sulhu. Maƙwabciyata ta yar da tata, sai bayan wa'adi ya wuce ta sani. Abin ya yi mini ciwo, domin tana da hujja mai ƙarfi.

Wata 'yar'uwa daga Tampa: Ƙari kan maganar Alhaji: dokar Florida ta ba mai gida damar ganin takardun ƙungiyar unguwa cikin kwanakin aiki 10 idan ya nema a rubuce. Na rubuta wa mahaifiyata, muka samu kasafin kuɗi da bayanan taruka. Ku kuma bincika ko an sayar da kashi 90 cikin 100 na filayen, domin wata uku bayan haka mazauna ke da ikon zaɓen mafi yawan shugabannin ƙungiyar.

Malam, tsohon akanta: Ku shirya wa doguwar tafiya. Binciken da hukumar haraji ta IRS ta yi kan takardun bashin The Villages ya faro a 2008, bai rufe ba sai 2016. A unguwarmu WhatsApp ya fi shari'ar kanta tayar mana da hawan jini, har muka yi doka: duk mai kawo labari ya haɗa da hoton takardar kotu ko ya yi shiru. Mutum biyu ke halartar kowane zama, su rubuto abin da alƙali ya faɗa a layi kaɗan, a buga da manyan haruffa a kai wa waɗanda ba sa riƙe waya. Ɗana, ka sa Baba ya rubuto wa ƙungiyarsu cewa a riƙa turo maka kwafin duk sanarwar da aka aika masa.