As(III) ya ɓace mini tsakanin rijiya da ɗakin gwaji

Ɗalibar Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bincike kan arsenik, wata guba da ake samu a ruwan rijiyoyin burtsatse a nau'i biyu, As(III) da As(V), wani abu kuma ya ɗaure mini kai. Na ɗebo ruwa daga wata rijiya mai zurfi, garau yake sa'ad da na cika kwalabe. Kwana uku suka yi a kan tebur kafin layi ya zo kaina, sai ga wani jan gari-gari ya kwanta a gindin kwalba. Da muka auna, jimillar arsenik ta gaza abin da takardar gwaji mai canza launi ta nuna mini a bakin rijiya, kuma kusan duka As(V) ne. To ai ruwan da ba ya shan iska a ƙarƙashin ƙasa, As(III) ake sa ran ya rinjaya a cikinsa. Na'ura ce ta yi kuskure ko ni? Abin ya tsaya mini a rai, don kullum mutane na shan ruwan nan.

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na'ura ba ta da laifi, abin da kika ba ta shi ta auna. Jan garin nan ƙarfe ne da ke narke a ruwan, da ya sha iska ya zama tsatsa. A nan As(III) ya rikiɗe zuwa As(V), tsatsar kuma ta kama shi ta kwanta da shi. Shi ya sa jimillar ma ta ragu.

Ki koma ki sake ɗiba. Tun a bakin rijiya ki tace da matata mai maikiromita 0.45, ki ɗiga asid na HCl har pH ya sauka ƙasa da 2, ko ki sa sinadarin EDTA ya riƙe ƙarfen a narke. Kwalba mai duhu, a cike fal, cikin ƙanƙara. Ni dai na fi son rabawa nan take: kafin asid, a tura ruwan da sirinji ta cikin ƙwayoyin rezin masu kama caji. Matuƙar pH bai kai 9 ba, As(III) ba shi da caji, wucewa yake abinsa, As(V) ya maƙale.

Mai Kula da ICP:
Gaskiyar Malam ce. Sai dai in da HPLC (na'urar raba nau'o'in) da ICP-MS (na'urar da ke auna sinadari ta nauyinsa) za ki auna, ki kula da HCl ɗin: kuloraid ɗin da ke cikinsa na haɗuwa da iskar argon ta na'urar su ba da nauyi 75, daidai da na arsenik, sai lamba ta kumbura. Ki ce a kunna iskar hiliyom a na'urar don kawar da wannan cikas. Takardar gwaji kuwa launi ne ake kimantawa da ido, ba ta bambance nau'i.

Ɗalibar Ruwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na'urar AAS (mai auna sinadari ta hasken da yake sha) kaɗai gare mu, mai mayar da arsenik iskar arsin. Zai yi?

Tsohon Ma'aikaci:
Zai yi sarai. Ki raba ruwan gida biyu. Kashi na farko ki riƙe shi a pH wajen 5 da sinadarin sitiret. A nan As(III) ne ke tashi ya zama iskar arsin in an sa sinadarin borohaidiraid. Na biyu ki fara sa masa KI (fotasiyom ayodaid) da asid na askobik, su mayar da komai As(III), ki sami jimilla. Ki debe na farko daga na biyu, ragowar ce As(V).

Amma kada ki jira wannan. In jimillar ta haura maikirogiram 10 a lita, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1993, ki sanar da masu rijiyar yanzu. Nau'in zai taimaka wajen zaɓen matata, don As(III) ya fi wuyar cirewa sai an fara juya shi zuwa As(V).